Aya da Tsakuwa a Haƙoran Mutan Da

Wata biyu ke nan da na fasa haƙori a kan tsakuwa. Shinkafa ce 'yar gida da wake, an sa mai da yaji, ina cikin loma ta uku sai na ji ƙas, kaina ya sara har cikin kunne. Da na je asibiti, yaron likitan ya leƙa bakina da ɗan madubinsa, ya ɗago ya ce, "Baba, kana cin goro ba kaɗan ba, kuma da gefen dama kake tauna." Ni ban gaya masa ko ɗaya ba. Haƙoran ne suka tona mini asiri.

Da wannan ciwon a baki na zauna majalisarmu ta bayan la'asar, ƙarƙashin bedin nan na wajen Ƙofar Ƙaura, ranar da ɗan ƙanwata ya zo gaishe ni. Karatun injiniya yake yi a jami'a, yana ajin ƙarshe, kuma shi da kwamfutarsa kamar wuya da laya. Da ya ji labarin haƙorina sai ya yi dariya, ya buɗe ta ya ce, "Kawu, bari in nuna maka wanda ya fi ka turame." Hoton ƙoƙon kai ne mai faɗin fuska, an shafe shi da launuka, nan shuɗi, can kore, wajen kumatu ja wur. Ya ce irin manhajar da ake koya masu lissafin ƙarfin gada da ƙarfen mota da ita, ita masana suka ɗora a kan ƙasusuwan wasu halittu da suka rayu a Afirka shekara wajen miliyan biyu da suka wuce, don su gano abin da suke ci.

Alhaji mai shagon gefenmu ya ajiye butarsa ya ce, "Ikon Allah. Mu muna nan muna lissafin abin da za a ɗora da dare, wasu na can suna ƙona kuɗi don su san abin da aka ci shekara miliyan biyu. To in sun sani, mi za ya ƙara mamu?" Aka kwashe da dariya, har da ni, ina dafe da kunci. Sai dai maganar ta bi ni gida. Na sa yaron ya tattaro mini abin karantawa, na yi makonni ina bi a hankali, wani wurin sai ya yi mini bayani sau biyu. Inda na tsaya shi ne, Alhaji bai yi daidai ba. Binciken nan ya fi kusa da mu a kan masu yin sa, domin abincin da suke ta gardama a kansa yana nan a faifan tallar yaranmu, kuma rashinmu a cikin maganar asara ce gare mu da su baki ɗaya.

Dabarar ba ta da wuyar ganewa ga wanda ya taɓa ganin magini yana gwada azara kafin ya ɗora rufi. Injiniyoyin jiragen sama na Amurka ne suka bunƙasa ta a shekarun 1950. Fiffiken jirgi ya fi ƙarfin a lissafa shi gaba ɗaya, sai suka riƙa gutsuttsura shi a lissafi zuwa ƙananan yankuna, a auna yadda kowane gutsure yake lanƙwasa idan nauyi ya hau shi, sannan a haɗa amsar. Haka ake yi wa ƙoƙon kan. A sa shi a na'urar hoton asibiti mai leƙa cikin ƙashi, a gina kwatankwacinsa a kwamfuta, a raba shi gutsure dubbai ɗaruruwa, a gaya wa kwamfutar taurin ƙashi da inda naman tauna yake kamawa, sai a ce mata ciza. Inda ya yi ja, nan ne ƙashi yake shan wahala. A 2009 wani masani mai suna David Strait da abokan aikinsa suka yi wannan gwaji da ƙoƙon kan da Robert Broom ya tono a kogon Sterkfontein na Afirka ta Kudu tun 1947. Suka ce an gina fuskar ne don ta ɗauki nauyin cizo a haƙoran da ke tsakanin fiƙa da turame, kamar na mai fasa ƙwallon da ya fi ƙarfin shiga can ƙuryar baki. Duk wanda ya tashi yana gwigwiyar goruba ya san wannan gurbi, ba sai an zana masa ba.

Na san inda wasu za su ja birki. Ni Musulmi ne, na yi imani Annabi Adamu, alaihis salam, shi ne uban mutane, kuma babu kwamfutar da za ta girgiza mini wannan. Masanan suna kiran halittun nan kakanni ko dangin ɗan Adam. Wannan fassararsu ce, malamanmu suna da tasu maganar, kuma ba ni zan raba gardamar a nan ba. Amma ƙasusuwan suna nan, ana taɓa su, ana auna su. Halitta ce ta Allah da ta yi tafiya da ƙafa biyu, ta ci, ta sha, ta mutu a nahiyarmu. A Suratul Ankabut, aya ta 20, an umarce mu mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda aka fara halitta. Wanda yake tsoron duba tsohon haƙori kada imaninsa ya zube, ai shi ya raina imanin nasa.

Labarin da ya fi kama ni shi ne na mai hoton nan da yaron ya nuna mini. A 1959 Mary Leakey ta tono shi a kwazazzabon Olduvai na Tanzaniya, an kuma ƙiyasta shekarunsa wajen miliyan 1.8. Sunansa a littafi Paranthropus boisei. Turamensa sun kai ninki huɗu na namu, farin ɓawon haƙorinsa kauri gare shi sosai, sannan a tsakiyar kansa akwai wani ƙashi da ya taso kamar zankon zakara, inda naman tauna yake kamawa. Ganin haka aka yi masa laƙabi da mai fasa ƙwallo, sunan kuma ya bi shi shekara wajen hamsin. Ko da aka zo aka yi masa lissafin kwamfuta a 2015, amsar ba ta ƙaryata laƙabin ba: wannan muƙamuƙi yana iya cizo mai tsanani ba tare da ƙashin ya galabaita ba.

To, amma akwai wata dabarar, ita ma daga injiniyoyi aka aro ta. A masana'anta suna da hanyar auna kaushin fuskar ƙarfe, su san ya gogu ko bai gogu ba. Peter Ungar na Jami'ar Arkansas da abokansa suka ɗauki wannan awo suka kai shi kan haƙori. Abinci mai tauri da ake fasawa yakan bar ramuka a fuskar haƙori, kamar titin da damina ta ci. Abin da ake niƙawa a hankali kuwa, zane-zane yake bari siri-siri. A 2008 suka duba haƙoran mai fasa ƙwallon, sai ga zane-zane, ramuka kuwa babu na kirki. A 2011 Thure Cerling na Jami'ar Utah ya zo ta wata ƙofa, ta sinadarin kabon. Tsirrai dangin ciyawa na ƙasashen zafi, irin su gero da dawa da masara da rake, suna ɗaukar kabon daga iska ta hanyar da ta bambanta da ta itatuwa, kuma alamar tana zama a ɓawon haƙorin wanda ya ci su. Da aka auna, sama da kashi 75 cikin 100 na cimarsa daga dangin ciyawa da tsirran fadama ya fito. Ƙwallon itatuwan da aka yi shekara hamsin ana jingina masa, bai taka kara ya karya ba a cikin cimarsa.

Nan masana suka ji an gasa masu aya a hannu, kuma abin dariyar shi ne, ayar ce ma ta fito. A 2014 Gabriele Macho ta Jami'ar Oxford ta duba yadda birai irin bika suke kiwo a dajin Amboseli na Kenya, suna tonon 'ya'yan da ke ƙarƙashin ciyayin fadama, ta kawo shawarar cewa abincin wannan halitta aya ne da danginta. Ba kowa ya yarda da ita ba, har yanzu ana ja. Amma da na karanta wannan wurin sai da na ajiye takardar na yi dariya ni kaɗai. Aya! Wadda ake zuba mana a leda a bakin tasha, wadda matanmu ke jiƙawa su markaɗa da dabino da kwakwa a yi kunu, wadda manoman Maraɗi ke cika buhuna da ita ana shigowa da ita ta Jibiya, wadda 'yar uwarta aya-aya ke hana manomi sakat a gona.

Ka ɗebi busasshiyar aya cikin tafin hannu ka watsa a baki. Da farko tana da ɗan tauri, amma ba irin na ƙwallon goruba ba, ba ta neman ka fasa ta da ƙarfi ɗaya. Neman ta shi ne ka yi ta juya muƙamuƙi, dama da hagu, madarar tana fitowa kaɗan-kaɗan, zaƙin yana ƙaruwa, har ya rage tuka a baki. Kafin ka gama rabin gwangwani gefen kunnenka ya fara tsami. Yanzu ka ƙaddara wannan ne abincinka safe da yamma, babu jiƙo, babu markaɗe, babu wuta. Me kake buƙata in ba faffaɗan turame da naman tauna mai juriya ba? Yaron da ya yi firamare a Katsina ya san wannan a muƙamuƙinsa. Masanin da bai taɓa tauna aya ba sai ya bi ta kan birai kafin ya iso wurin.

Abin da ya faru da lissafin injiniyan ba ƙarya ya yi ba. Tambayar da aka yi masa ita ya amsa. Ka kai wa bakanike akori-kura, ya shiga ƙarƙashinta ya duba sifirin da gindin, zai gaya maka buhu nawa za ta iya ɗauka. Ba zai iya gaya maka ko jiya gero ta kai kasuwar Mai'aduwa ko kayan amarya ta ɗauko ba. In kana son sanin wannan sai ka leƙa bayanta ka ga tsabar da ta maƙale a lungu. Zanen haƙori shi ne tsabar, shi ma kuma da iyakarsa, domin sabon zane yana goge tsoho, abin da ya rage labarin kwanakin ƙarshe ne kawai na rayuwar mai haƙorin. Shi kuwa kabon labarin ƙuruciya yake bayarwa, lokacin da haƙorin ke tsirowa.

Wasu masanan suka ce wataƙila an gina muƙamuƙin ne don baƙar shekara, ba don kullum ba. Wato halitta tana cin mai taushi idan akwai, amma ranar da fari ya zo, wanda haƙorinsa ke iya abin da ya rage shi ke tsira ya haihu. Su suna rubuta wannan a matsayin hasashe. Ni kuwa kakata ta ba ni shi a matsayin labari. Ta gaya mana yadda a shekarun yunwa ake tsinko anza a yi kwanaki ana jiƙa ta ana zubar da ruwan ɗacin kafin ta ciwu, yadda ake sussuke ƙarangiya a fitar da 'yar tsabar cikinta a yi tuwo, yadda ake tona gidan tururuwa a kwashe hatsin da ta tara. Waɗanda suka ga farin 1973 suna nan da ransu a ƙauyukanmu. Sanin abin da ake ci idan rumbu ya ƙare, da yadda ake sarrafa shi, ilimi ne da masu wannan bincike suke nema ruwa a jallo, mu kuma muna binne shi da tsofaffinmu ɗaya bayan ɗaya ba tare da an rubuta ba.

Sai maganar tsakuwa, wadda ta shafe ni kai tsaye. A 2013 Peter Lucas, yana Jami'ar Kuwait a lokacin, ya yi wani gwaji mai ban mamaki. Ya ɗauki ƙwayar rairayi guda, wadda ido ba ya gani sosai, ya ɗora ta a bakin wata na'ura ya goga a ɓawon haƙori, ya kuma gwada da ƙananan ƙwayoyin da ke cikin ganyen tsirrai. Ya ce rairayin ne ke yanke haƙori, na tsirran shafa kawai suke yi. Idan haka ne, zanen da ake karantawa a tsohon haƙori zai iya zama labarin ƙurar wurin, ba na abincin kaɗai ba. Wasu sun yi nasu gwajin sun musa masa, gardamar ba ta mutu ba. To ina ya fi dacewa a raba wannan gardama in ba ƙasar hunturu ba? Mu ne muke shanya gari a tabarma hazo yana sauka a kai wata uku. Mu ne muka san aya daga ƙasa ake tono ta, sai an rege ta da kyau, har harshenmu ya mayar da bambance aya da tsakuwa karin magana. Ƙurar ma da ke rufe mana sama, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na Chadi iska ke kwaso ta, tsohon gindin Tafkin Chadi na zamanin da yake teku guda.

Kuma a wannan yanki na arewacin Chadi, a hamadar Jurab, aka tono ƙoƙon kan da ake kira Tumai a 2001, mai shekara wajen miliyan bakwai. Ayarin Michel Brunet na Faransa ne, amma wanda idonsa ya fara gani ɗan Chadi ne, Ahounta Djimdoumalbaye. Kafin nan, a 1995, an samu wani muƙamuƙi a Koro Toro mai shekara sama da miliyan uku, kuma awon kabon da aka yi wa haƙoran wurin a 2012 ya nuna su ma dangin ciyawa da ayoyin bakin ruwa suke ci. Wannan ba bayan duniya ba ne, maƙwabta ne. A gida ma, kaburburan Durɓi ta Kusheyi da ke ƙasar Mani, da aka tona a 1907 aka sake tonawa a 1992, sai da aka kai kayansu birnin Mainz na Jamus kafin a yi masu binciken ƙwaƙwaf. Tsofaffin tukwanen Nok na tsakiyar Najeriya kuwa, masanan Jamus da Ingila ne suka gano a 2021 cewa an zuba zuma a cikinsu shekara wajen 3,500 da suka wuce. Ƙasa tamu, tukunya tamu, labarin kuma sai mun jira an aiko mana.

Akwai wani gwaji da aka yi a Jami'ar Harvard a 2016 da ya ba ni tausayi da dariya. Katherine Zink da Daniel Lieberman suka tara mutane suka ba su ɗanyen naman akuya da ɗanyen saiwoyi irin su dankali da karas, aka manna masu wayoyi a kumatu ana ƙirga tauna. Ɗanyen nama in ba a yanka shi ƙanana ba, sai a yi ta tauna ya ƙi rabuwa. Suka lissafa cewa shigar nama cikin cima, tare da yanka shi da dutse da daddaka saiwa, ya rage yawan tauna da wajen kashi 17 cikin 100, tun kafin a fara girki. A ganinsu wannan na cikin abin da ya ba haƙora da muƙamuƙi damar ƙanƙancewa. Wato daka tauna ce da aka fitar waje. Bahaushe ya riga su faɗa, tun da haƙorin ƙuryar baki turmi yake ce masa.

Ban ce Alhaji ba shi da hujja ba. Yunwa gaskiya ce, kuma duk wanda zai ce a ɗebi kuɗin taki ko na asibiti a tafi tonon ƙasusuwa, ni ne farkon wanda zai ƙi. Abin da nake nema bai kai nan ba. A sassan injiniya na manyan makarantunmu akwai injin da ake matse bulon kankare da rodi da shi don a san ƙarfinsu. Ɗalibai kuwa duk shekara sai sun yi aikin kammala karatu, kuma da yawansu maimaita na bara suke yi, a canza suna a ɗaure a jefa a kabad. Me zai hana wani ya auna nauyin da ke fasa ƙwallon goruba, da na aduwa, da ɗinya, da magarya, da kanya? Wani ya gwada ɗanyar aya da busasshiya da jiƙaƙƙiya. Wani ya auna yawan rairayin da ke cikin tiyar gero da rani da kuma da damina. Lissafin kwamfutar can da ake yi wa tsohon ƙoƙon kai, sai an ba shi taurin abinci kafin ya ba da amsa mai ma'ana, kuma itatuwan a bayan gidajenmu suke. Awon nan ɗaya shi ne wanda maƙerin injin markaɗen aya yake buƙata don kada haƙoran injinsa su riƙa cinyewa, shi ne na mai ƙera injin tsince tsakuwa daga shinkafa, shi ne kuma zai taimaki likitan da ke cike haƙorin mutumin da goro da rake da ƙashin balangu ne cimarsa. Asusun TETFund da ke tallafa wa bincike a manyan makarantu, irin wannan ƙaramin aiki ba zai ko ji shi a aljihu ba.

Na faɗa wa ɗan ƙanwata haka ranar da zai koma makaranta. Ya ɗan sosa ƙeya ya ce, "Kawu, ai dariya za a yi mini, a ce na bar inji na koma tallar goruba." Na ce masa an yi mana dariyar a majalisa tun kafin shi, ba wanda ya mutu. Bayan sati biyu ya bugo waya, wai malaminsa ya ce ya kawo samfur a gani, in aika masa da goruba ashirin da aya iri biyu. Gorubar a bakin kasuwa na saya. Ayar kuwa Alhaji ne ya auna mini, tiya ɗaya ta Maraɗi, tiya ɗaya tamu ta gida, bai rage mini ko sisi ba. Ina ɗaure bakin ledar ya ce, "In yaron naka ya gama matse-matsen nashi, ka zo ka faɗa mani wadda ta fi tauri."